Gudun hunturu: Bature na zuwa tsibiri hutu, ɗan Gumel na zuwa ci-rani

Duk wanda ya taɓa yin sammako zuwa tashar mota a Gumel ko Maigatari cikin watan Disamba ya san yadda wurin yake. Hazo ya rufe gari, mai shayi ya hura wuta, mutane sun kewaye shi kowa ya cusa hannu a hammata. Can gefe kuma ga matasa da jakunkunan bakko, wasu na jiran motar Kano, wasu na cinikin yadda za su ɗare bayan tirelar shanu da za ta yi Kudu.

An gama girbi, an zuba gero a rumbu, an sayar da riɗi. Daga nan har saukar ruwan farko babu sauran aiki a gona, saboda haka sai a kama hanyar ci-rani.

A daidai wannan lokaci, a filayen jiragen sama na Ingila da Jamus da Kanada, akwai wasu matafiyan da su ma hunturu ne ya taso su. Wasunsu hutun mako biyu za su je. Wasu kuwa sun sayar da gida da mota, sun ce sun bar dusar ƙanƙara ke nan, za su koma tsibiri mai ɗumi su ƙarasa rayuwa a bakin teku.

Labarinsu ya cika TikTok da YouTube da Facebook, kuma yana isowa har cikin wayar matashin da ke zaune a wancan benci na mai shayi. Ga Bature a Bali ko Zanzibar, da gajeren wando da kwamfuta a cinya, yana bayanin yadda ya rabu da sanyi da hayaniya. Wanda ya kalla sai ya ce wannan ya more.

To amma me ya sa tafiyar ɗaya take zama hutu, ta ɗayan kuma take zama wahala, alhali lokaci ɗaya suka bar gida, kuma dukansu wurin ɗumi suka nufa? Amsar tana cikin takardun da tsibiran suke nema kafin su karɓi baƙo.

Sharaɗin da ba a faɗa a bidiyo

Sanyin Turai da kuɗi ake zama a cikinsa. Gida sai an ɗumama shi da gas ko lantarki na tsawon watanni, kuma tun da yaƙin Rasha da Yukren ya ɓarke a 2022 kuɗin ya yi tashin gwauron zabo. A Birtaniya sai da gwamnati ta sa baki a watan Oktoban shekarar, ta tsayar da kuɗin makamashin matsakaicin gida a kan fam 2,500 a shekara. Akwai ma wani tallafi na fam 200 zuwa 300 da ake bai wa tsofaffi don ɗumama ɗaki. Da sabuwar gwamnatin jam'iyyar Leba ta taƙaita shi a 2024, surutun da ya biyo baya ne ya sa ta sassauta a shekarar da ta biyo.

Saboda haka tsohon da ya bar Manchester ya koma tsibiri ba shaƙatawa kaɗai ya je yi ba, lissafi ya yi. Cikakken fanshon gwamnatin Birtaniya a 2024 fam 221.20 ne a mako. A can wannan kuɗi da ƙyar yake kai mutum ƙarshen wata. Amma idan aka canza fam ɗaya a kan naira 2,000, kuɗin ya haura naira 440,000 a kowane mako. Fanshon yana bin mai shi duk inda ya je, kuma a wasu ƙasashe kamar Barbados da Mauritius da Jamaika har ƙarin shekara-shekara yana iske shi, saboda yarjejeniyar da ke tsakaninsu da Birtaniya.

Tsibiran sun gane haka. Lokacin da annobar korona ta tsayar da jirage a 2020, otal-otal suka zama kufai, gwamnatin Firaminista Mia Mottley ta Barbados ta fito da bizar zama ta shekara guda ga masu aiki ta intanet. Kuɗin bizar dala 2,000 ne ga mutum ɗaya, dala 3,000 ga mai iyali, sannan mai nema zai tabbatar cewa yana sa ran samun dala 50,000 a shekarar. Mauritius ta bi sahu a ƙarshen 2020 da tata bizar ta shekara guda, wadda ba a biyan kuɗinta, amma sai ka nuna kana samun aƙalla dala 1,500 a wata. Cape Verde, wadda take cikin ƙungiyar ECOWAS tare da mu, ta buɗe nata shirin. Indonesiya, mai tsibirin Bali, ta fito da bizar dogon zama a 2022, da sharaɗin a ga rupiya biliyan biyu a asusun mutum.

A duba waɗannan sharuɗɗa da kyau. A Barbados da Mauritius, abin da aka fi jaddadawa shi ne kuɗin baƙo daga waje za su riƙa zuwa, kuma ba zai nemi aiki a ƙasar ba. Wato tsibirin yana maraba da wanda zai zo ya kashe. Wanda zai zo ya nema kuwa, ƙofarsa daban ce.

Mu kwatanta da gida. Mafi ƙarancin albashi a Najeriya tun watan Yulin 2024 naira 70,000 ne. Dala 50,000 ɗin da Barbados take nema, a canjin naira 1,500, naira miliyan 75 ke nan. Ma'aikacin da ke kan mafi ƙarancin albashi sai ya yi shekara kusan 90 yana aiki bai ci ko sisi ba kafin ya tara su. Abin ban dariya, mai fasfon Najeriya ba ya buƙatar biza don ziyartar Barbados. Ƙofa a buɗe take, amma ganin Dala ba shiga birni ba ne.

Namu hunturun

Sanyin Gumel bai kai na Turai ba, ko kusa. Da asuba ne yake cizo, iska ta fasa leɓe da diddige, yara da tsofaffi su kama tari, kafin azahar kuma rana ta buɗe. Wanda ya san zafin watan Afrilu a nan, lokacin da ma'aunin zafi ke haura digiri 40, ba zai ce hunturu ne abin gudu ba. Da yawa ma sun fi son sa.

Hasali ma ga wasu baƙi, Jigawa ce wurin ɗumin. Duk shekara tsuntsayen ruwa suna tasowa daga Turai su ƙetare Sahara su sauka a dausayin Haɗeja da Nguru, a wurare irin su Baturiya, su yi hunturu a nan sannan su koma. Su ne kaɗai baƙin da ke yin wannan tafiya ba tare da an tambaye su takardar banki ba.

Abin da yake korar matashi daga Sule Tankarkar ko Gagarawa a watan Disamba shi ne zaman banza na wata shida ko bakwai. Ƙasar masarautar Gumel, wato ƙananan hukumomin Gumel da Maigatari da Gagarawa da Sule Tankarkar, jigawa ce, rairayi. Babu babban kogi da ya ratsa ta. Damina gajeriya ce, wata uku zuwa huɗu. Manomin Auyo ko Ringim ko Haɗeja yana gama na damina sai ya gangara fadama ya dasa shinkafa ko alkama ko tumatir, kuma a watan Janairun 2023 tsohon Shugaban Ƙasa Muhammadu Buhari ya buɗe aikin noman rani na kwarin Haɗeja a Auyo. Manomin Gumel ba shi da wannan gata. Idan ya ɗaure gero ya tsince wake ya kakkaɓe riɗi, to shi da gona sai baɗi.

Abin da ke rumbu kuma ba kasafai yake kai gida zuwa wata kakar ba, balle a yi maganar aure da suna da magani da takin baɗi. Ƙididdigar talauci ta fuskoki daban-daban da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta fitar a 2022 ta nuna mutum miliyan 133 ne ke cikin talauci a Najeriya, kuma Jigawa na cikin jihohin da abin ya fi ƙamari, da sama da kashi 80 cikin 100 na jama'arta.

A nan ne hikimar ci-rani take, kuma bai kamata a raina ta ba. Idan namiji ɗaya ko biyu suka bar gida, baki ya ragu a kan rumbu, hatsi ya ƙara tsawon kwana. Abin da suka aiko kuma ya shiga cefane. Sunan ma ya faɗi komai, a je a ci rani a wani wuri. Kakanninmu sun yi, sun je Kano da Jos da ƙasar Yarbawa da Gwanja. Ba sabon abu ba ne, kuma ba abin kunya ba ne.

Akwai abu ɗaya da yake riƙe mutane a gida da rani, shi ne kasuwa. Kasuwar Maigatari da ke ci ranar Alhamis tana cikin manyan kasuwannin dabbobi na Afirka ta Yamma. Shanu da raƙuma da dawaki da tumaki suna shigowa daga Nijar ta Dungas da sauran garuruwan jihar Damagaram, tireloli suna kwasa zuwa Kudu. Dillali da ɗan kamasho da mai lodi da ɗan canjin sefa da mai abinci da mai sayar da igiya, duk a jikinta suke ci.

Sai dai shekarun nan kasuwar ta sha duka. An rufe iyakokin tudu a watan Agustan 2019, ba a buɗe ba sai ranar 16 ga Disamban 2020, lokacin da Maigatari ta shiga cikin huɗun farko da aka buɗe tare da Seme da Illela da Mfum. Ba a gama farfaɗowa ba sai ga juyin mulkin Nijar na 26 ga Yulin 2023 da takunkumin ECOWAS, aka sake garƙame iyaka har zuwa watan Maris na 2024. A watan Janairun 2025 kuma Nijar ta fice daga ECOWAS baki ɗaya. Duk ranar da aka rufe waccan ƙofa, wanda ya yanke hukuncin yana Abuja ko Yamai, amma wanda zai ɗaura jaka ya nufi tasha yana Maigatari.

Tsibirin ɗan ci-rani

Abin da ba a cika lura da shi ba shi ne, ɗan ci-ranin da ya nufi Legas shi ma sau da yawa a tsibiri yake ƙarewa. Tsohon birnin Legas tsibiri ne. Ikoyi da Victoria Island a tsakiyar ruwa suke. Banana Island, inda gidaje suka fi na ko'ina tsada a ƙasar nan, yashi aka zuba aka ƙirƙire shi. Akwai ɗumi, akwai iskar teku, akwai bishiyar kwakwa, kamar dai a bidiyon.

Tafiyar ta haura kilomita 1,000. Idan ya isa, zai sauka wurin ’yan garinsu a Agege ko Mile 12 ko Idi-Araba ko Obalende, daga nan a nema masa abin yi: gadi, ko garuwa, ko wankin takalmi, ko dako, ko tura baro, ko tallan rake da dabino, ko acaba. Mai gadin da ke ƙofar wani katafaren gida a Ikoyi yana shaƙar iska ɗaya da mai gidan. Bambancin shi ne mai gidan kuɗi ne suke iske shi a can, shi kuwa mai gadin buƙatun gida ne suke iske shi, ta waya, kusan kullum.

Kuma ba a karɓarsa da fara'ar da ake karɓar mai dala. A ƙarshen watan Agustan 2019 jami'an gwamnatin Legas sun tare wata babbar mota ɗauke da mutum 123 daga Jigawa da babura 48, aka tsare su, aka baza hotunansu a kafafen sada zumunta kamar an kama mahara. Daga baya aka sake su, bayan bincike bai gano wani laifi a tare da su ba. Sashe na 41 na kundin tsarin mulkin 1999 ya bai wa kowane ɗan ƙasa ’yancin zuwa ya zauna a ko'ina cikin Najeriya. A ranar dai wannan sashe bai hana su shiga hannu ba.

Bayan haka sai dokar acaba. Gwamnatin Babajide Sanwo-Olu ta taƙaita ta a watan Fabrairun 2020, sannan daga 1 ga Yunin 2022 ta haramta ta ɗungurungum a ƙananan hukumomi shida, ciki har da Eti-Osa da Lagos Island, wato dai tsibiran da fasinja ya fi biya da kyau. Baburan da aka kama ana murƙushe su. Gwamnatin Legas tana da hujjojinta na haɗurra da tsaro, kuma ba duka ne marasa tushe ba. Amma a wannan gefen, babur ɗin nan sau da yawa riɗin shekara guda ne, ko sa ne aka sayar a karar Maigatari aka saya.

Tarihi ma yana da abin cewa a kan ’yan Najeriya da tsibiri. A 1942 Turawan Ingila da na Sifaniya suka ƙulla yarjejeniyar kai leburori daga Najeriya zuwa gonakin koko na tsibirin Fernando Po, wanda yanzu ake kira Bioko a ƙasar Equatorial Guinea. Dubban mutane ne suka tafi, yawancinsu daga Kudu maso Gabas, wurin da suke kira Panya. Tsibiri ne kore shar, ga ruwa ga duwatsu. Ƙarshen labarin shi ne a tsakiyar shekarun 1970, zamanin Janar Murtala Muhammad, sai da gwamnati ta aika jirage aka kwaso su saboda azabar da suke sha a ƙarƙashin mulkin Macias Nguema.

Tsibiri ɗaya, baƙi iri biyu

Babu inda wannan bambanci ya fito fili kamar tsibiran Kanari, waɗanda mallakar Sifaniya ne amma suna gab da gaɓar Afirka, daura da Maroko. Mazaunansu kusan miliyan 2.2 ne, masu yawon buɗe idon da ke zuwa kuwa sun haura miliyan 15 a shekara, yawancinsu ’yan Birtaniya da Jamus masu gudun hunturu. Wasu sun sayi gidaje sun zauna.

A kan waɗannan tsibirai dai kwale-kwalen katako suke sauka daga Senegal da Muritaniya da Gambiya, bayan kwanaki a kan tekun Atlantika. Alƙaluman gwamnatin Sifaniya sun nuna kusan mutum 40,000 ne suka isa ta haka a 2023, sama da 46,000 a 2024. Wata ƙungiyar sa-kai ta Sifaniya mai suna Caminando Fronteras ta ƙiyasta cewa waɗanda suka mutu ko suka ɓata a wannan hanya a 2024 sun kusa 10,000. Wannan baƙo ya sauka daga jirgin sama an karɓi jakarsa, wancan an ciro shi daga ruwa an lulluɓa masa bargo, a tsibiri ɗaya, wani lokaci a rana ɗaya.

Hanyar da ta fi kusa da mu ita ce ta tudu, daga kan iyaka zuwa Damagaram, zuwa Agadas, zuwa Libiya. Ita ma a tsibiri take ƙarewa ga wanda ya yi nisan kwana, wato Lampedusa ta Italiya, mai mutane kusan 6,000, wadda a cikin ’yan kwanaki na watan Satumban 2023 baƙin da suka sauka a kanta suka fi mazaunanta yawa. A watan Nuwamban shekarar ne gwamnatin Janar Abdourahamane Tiani ta soke dokar 2015 da ta haramta safarar baƙin haure ta Agadas. Su waɗannan matafiya sanyin ma suke nema, domin can ne albashin yake.

Masu kuɗinmu kuwa sun samo wata dabara. Ƙananan tsibiran Karibiyan irin su St Kitts da Nevis, da Dominica, da Grenada, da Antigua, da St Lucia suna sayar da takardar zama ɗan ƙasa, kuma tun 2024 farashin ya fara ne daga dala 200,000. Attajiran Najeriya suna cikin masu saye. Ba don su je su kwanta a bakin teku suke saye ba, fasfon suke so, domin yana shigar da su ƙasashen Turai da dama ba tare da layin biza ba. Wato a sayi tsibiri mai ɗumi don a samu shiga ƙasar sanyi.

Idan kuɗin waje ya sauka, ƙasar ta wa ce?

Akwai ɓangaren labarin da mutumin Gagarawa zai fi kowa ganewa. A ranar 20 ga Afrilun 2024 dubun-dubatar mazauna tsibiran Kanari suka fito zanga-zanga. Kokensu shi ne baƙi masu kuɗi sun sa haya ta gagari ɗan gari, ruwan sha yana ƙaranci, ma'aikacin otal yana gyara ɗakin da ba zai taɓa iya kwana a cikinsa ba. A Bali gonakin shinkafa suna komawa gidajen haya na baƙi, kuma tun watan Fabrairun 2024 hukumomi suka sa wa kowane ɗan yawon buɗe ido harajin rupiya 150,000. A Zanzibar ma ana muhawara a kan filayen bakin teku da ake bai wa masu zuba jari haya ta shekaru masu yawa.

Hutun baƙo yana da wanda yake ɗauke da shi, kuma yawanci shi ne mai ƙasar da ya koma ɗan aiki a kanta.

Ba mu da teku, amma mun san wannan magana. A zamanin gwamnatin Muhammad Badaru Abubakar, batun hekta 12,000 da aka ware wa wani kamfani na rukunin Lee don noman rake da masana'antar sukari, a yankin Gagarawa da Sule Tankarkar da Taura da Garki, ya ta da ƙura sosai. Gwamnati ta ce jari ne da zai kawo aikin yi ga dubban matasa. Manoma da dama suka yi ta koke a kan gonakin gado da kuma diyyar da aka yanka musu.

A ganina kowane ɓangare yana da gaskiyarsa, amma ba nauyinsu ɗaya ba. Yankin yana buƙatar jari, wannan ba abin musu ba ne. Sai dai ɗan ci-rani yana iya jure kwana a shago ko a ƙarƙashin gada a Legas ne saboda ya san yana da gonar da zai koma idan hadari ya haɗo. Gonar ita ce fanshonsa, ita ce abin da ya mai da tafiyar ta wata shida maimakon ta har abada. Duk tsarin da zai karɓe ta, to wajibi ne abin da zai bayar ya fi kuɗin diyyar da za a cinye kafin shekara ta zagayo: ko hannun jari a cikin aikin, ko kwantiragin noma da kamfanin zai riƙa saye, ko wata gonar.

Abin da zai iya iske mutum a gida

Idan sirrin Baturen tsibiri shi ne kuɗi suna iske shi inda ya zaɓa ya zauna, to tambayar da ta dace da Gumel ita ce, wane kuɗi ne zai iya iske mutum a Gumel tsakanin Disamba da Mayu?

Wasu za su ce aikin intanet, tunda shi ne ya kai wancan Bali. Gaskiya ne matashin da ya iya rubuta manhaja ko zane ko fassara zai iya karɓar dala yana zaune a Gumel, inda haya da abinci ba su kai na Abuja ba. Ga ɗaliban Kwalejin Ilimi ta Gumel da sauran masu takarda, hanya ce ta gaske, matuƙar akwai wuta da sabis mai ƙarfi. Amma kada mu yaudari kanmu. Mutum 123 ɗin da aka tare a Legas ba kwamfuta suka ɗauko ba. Ga mafi yawan masu tafiya, maganar ta fi kusa da ƙasa.

Ta farko ita ce ruwa. Rashin kogi ba ya nufin rashin ruwa a ƙarƙashin ƙasa, kuma famfon sola ya sauya lissafin noman rani, tunda ya cire kuɗin fetur da ya ninka bayan cire tallafi a 2023. Rijiyar burtsatse da za ta shayar da ’yan kadada na albasa da kankana da tattasai tana iya riƙe gidaje da dama a ƙauye. Tana da tsada a farko, kuma sai an auna ruwan da ke ƙasa kafin a yi ta haƙa barkatai, amma aiki ne da ƙaramar hukuma ma za ta iya idan kuɗinta suna isa hannunta.

Ta biyu ita ce iyaka. Yankin ciniki maras haraji na Maigatari tun zamanin gwamnatin Ibrahim Saminu Turaki aka kafa shi, kuma gwamnatoci sun zo sun wuce kowace da alƙawarin farfaɗo da shi. Babu mai zuba jarin da zai kafa masana'anta a bakin ƙofar da aka rufe sau biyu cikin shekara biyar. Wannan ya fi ƙarfin Dutse, amma bai fi ƙarfin ’yan majalisar da yankin ya tura Abuja su riƙa faɗa ba.

Ta uku kuma tana cikin buhu. Jigawa tana sahun gaba a noman riɗi da zoɓo, kuma ƙasar Gumel na cikin inda suka fi yi. Babbar kasuwar zoɓon Najeriya ita ce Meziko, inda ake jiƙa shi a sha da sanyi, kuma sunan da suke kiransa da shi a can shi ne Jamaika, sunan tsibiri. A tsibiran Karibiyan ɗin ma abin shan bikin Kirsimeti ne. Ashe abin da aka noma a jigawar Maigatari yana isa inda mai noman ba zai samu biza ba.

Sai dai yawancinsa ɗanye yake barin yankin. Meziko ta taɓa dakatar da sayen zoɓon Najeriya na wasu shekaru saboda ƙwarin da aka samu a ciki, abin da ya nuna cewa kuɗin yana wurin tsincewa da tankaɗewa da feshin ƙwari da ɗurawa a buhu yadda mai saye yake so. Mafi yawan wannan aiki a rumbunan ajiya na Kano ake yin sa, inda mata da matasa suke samun na yini, sannan a loda zuwa tashar jiragen ruwa ta Legas. Haka riɗi, a Kano da Legas ake tace mafi yawansa.

Ana tsinkar zoɓo ne daga ƙarshen damina zuwa shigowar sanyi, aikin gyaransa kuma yana ɗaukar watannin da suka biyo baya, daga Disamba zuwa Maris. Su ne watannin da tirela take tashi daga Maigatari da buhunan zoɓo a ciki, da matasan da suka noma shi a zaune a kai.